Ƙara wa Jirgin Ruwa Ƙarfin Inji: Ina Gudun Ya Ke Tsayawa?

Batun da za mu duba yau shi ne ƙananan jiragen ruwa masu inji, irin waɗanda a kan maƙala musu injin a baya, kamar yadda a ke gani a kogin Kwara da tafkin Cadi da na Bolta. Mai jirgi ya kan ce a ransa, in ya cire inji mai ƙarfin doki 40 ya sa mai 80, ai gudunsa zai ninka. Lissafin nan ba ya fita, kuma ya cinye kuɗin mutane da yawa.

Dalili na fari shi ne ruwan kansa. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Jirgi mai nauyi, wanda cikinsa ya nutse sosai, tilas ya ture ruwa gefe kafin ya wuce, kuma cikin turewar nan ya kan ta da igiyar ruwa a gabansa, da wata a bayansa. Gwargwadon ƙarin gudu, gwargwadon tsawon igiyar, har ta kai tsawon jirgin. To, a nan ne gudu ya ke cijewa, gama jirgin ya zauna ke nan cikin kwarin da shi kansa ya haƙa, hancinsa a sama, yana ta fama da tudun ruwa. Wani masani Baturen Ingila, William Froude, shi ya binciki wannan al'amari da 'yan jiragen gwaji cikin wani dogon kududdufi da ya gina a Torquay wajen 1872. Jirgi irin wannan mai tsawon ƙafa 25 ya kan cije a wajen mil 8 cikin sa'a, mai ƙafa 100 kuwa a wajen mil 15. Kome girman injin da aka ɗora masa, yawancin ƙarfin a ta da igiya zai tafi, mai kuma ya ƙone a banza.

Amma akwai jirgi marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ciki. Shi wannan in ya sami isasshen ƙarfi sai ya haye igiyar gabansa, ya riƙa sulɓi bisa fuskar ruwa, kamar fatsar dutsen da yara su kan wurga a tafki. Irinsa ne ƙarin inji ya ke yi wa amfani. Duk da haka ribar ba ta kai yadda a ke zato ba. In jirgin yana mil 25 da doki 40, da doki 80 zai yi wajen mil 35 ne kurum. Mai son mil 50 sai ya nemi doki 160, watau ninki huɗu. Wannan ma in nauyi bai ƙaru ba ke nan, alhali kuwa babban inji ya fi nauyi, ya fi shan mai, man kuma kaya ne. Don haka ni a ganina, kafin mutum ya taɓa aljihunsa, gara ya sauke tarkacen da ba ya bukata, ya kankare gansakukar da ta kama cikin jirgin.

Sa'an nan ga farfela, wadda mutane su kan manta da ita. Farfela kamar dunƙulen kusa mai zare ta ke, tana murɗawa tana cin gaba. In an ce takunta inci 17 ne, ana nufin da cikin itace ta ke juyawa, da kowane juyi zai kai ta inci 17 gaba. Cikin ruwa kuwa ta kan ɗan zame. Sabon inji da tsohuwar farfela mai gajeren taku zai yi ta kuka yana juyin da ya wuce ƙa'idarsa har ya lalace. In kuma takun ya yi yawa, sai injin ya riƙa nishi kamar babbar mota da ta hau tudu da giyar ƙarshe.

Akwai wani abin mamaki kuma. In farfela ta cika saurin juyi, ruwan da ke jikin fukafukanta ya kan tafasa ba da wuta ba, saboda matsin da ke kansa ya ragu ƙwarai. Kumfan nan ya kan hana ta kama ruwa, kuma in yana fashewa sai ya riƙa cin ƙarfen. Charles Parsons ya gamu da wannan sa'ad da ya gwada jirginsa Turbinia a 1894. Inji ga ƙarfi, amma jirgi bai wuce wajen mil 23 ba. Da ya raba aikin ga farfela 9, sai ga shi a 1897 yana kusan mil 40.

Abin da ya fi kome nauyi shi ne rai. Allon baya, inda a ke ɗaure inji, an yi shi ne don wani ƙayyadadden nauyi da turi. In an wuce, yana iya tsagewa, ko bayan jirgin ya nutse ruwa ya shigo. A Amurka doka ta sa a liƙa wa ƙananan jirage ɗan allo mai nuna iyakar ƙarfin dokin da za su ɗauka.

Ko gwanaye ba su tsira ba. Donald Campbell ya yi mil 202 da jirginsa Bluebird a 1955, ya kai mil 276 a Ostareliya a 1964. Yana son ya cika 300, sai a 1966 ya cire injin ya sa wani mai suna Orpheus, irin na jirgin saman yaƙi, wanda ya fi ƙarfi kuma bai kai na da nauyi ba. Ran 4 ga Janairu 1967, a tafkin Coniston na Ingila, ya yi zuwan fari da mil 297. A komowa, yana bisa mil 300, hancin jirgin ya ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya tashi sama ya wuntsila, Campbell ya rasu nan take. Ba a tsamo gawarsa ba sai a 2001. Ken Warby, mutumin Ostareliya, shi ya kai mil 317 a 1978, da jirgin katako da ya ƙera a bayan gidansa.

Mu kwana nan, sai wani makon.