Shafin intanet da aka gina da shiryayyar manhaja: ina gyara yake tsayawa?

Idan ƙungiyarku ko shagonku na son buɗe shafin intanet, da wuya masanin kwamfutar da kuka ɗauka ya fara ginin daga tushe. Yawanci zai ɗauko manhajar da wasu suka riga suka shirya, ya daidaita ta da bukatarku. Wannan ba ha'inci ba ne. Hanya ce mai sauƙin kuɗi da sauri. Amma tana da iyaka, kuma gara ku san iyakar kafin ku biya kuɗi.

Mece ce shiryayyar manhaja?

Manhaja ita ce jerin umurnin da ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi. Shiryayyar manhaja kamar riga ce ɗinkin kanti: an ɗinka ta don mutane da yawa, ba a auna jikinku ba. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce WordPress, da ta fito a 2003. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da ita aka gina su. Akwai Drupal ta 2001, da Joomla ta 2005, da SPIP wadda aka ƙirƙira a Faransa a 2001. Dukkansu kyauta ake ɗaukar su, kuma lasisinsu ya ba kowa ƴancin duba cikinsu da canza su.

Ku lura: manhajar ce kyauta. Sunan shafin, kamar mai ƙarewa da .ne na Nijar ko .ng na Najeriya, da wurin da za a ajiye shafin, haya ake biya musu kowace shekara.

Gyaran da ba shi da matsala

Tela na iya rage tsawon rigar kanti, ya sake mata maɓalli, ya yi mata aiki a wuya. Haka ma shafi. Canza suna, da launi, da hotuna, da rubutu, abu ne da ku da kanku za ku iya koya cikin kwanaki kaɗan. Masanin kuma zai iya sauya wa shafin kama gaba ɗaya, ya kuma haɗa masa ƙananan manhajoji na ƙari, waɗanda kowace ke yin aiki guda, kamar sayar da kaya ko karɓar saƙo. WordPress kaɗai tana da dubban irinsu na kyauta.

Inda rigar ke matsewa

Waɗanda suka shirya manhajojin nan sun yi su ne da tunanin kasuwannin Turai da Amurka. A ce ƙungiyar mata a Jiratawa na son tallar busasshen zogale, ko mai shago a unguwar Zariya ta Maraɗi na son sayar da man gyaɗa. Manhajar sayar da kaya za ta tambayi mai saye sunan titi, da lambar gida, da lambar gidan waya. Mu kuwa da kwatance muke gane gida: bayan masallaci, kusa da famfo. Wannan masani zai iya gyara shi ba da wahala sosai ba.

Biyan kuɗi ya fi wuya. Manhajar ta zo da shirin karɓar kuɗi ta katin banki, alhali yawancin masu sayenku da tsabar kuɗi suke biya, ko ta wayar salula kamar Airtel Money, ko ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana. Masani ba zai iya haɗa shafin da kamfani shi kaɗai ba. Sai kamfanin ya yarda ya buɗe masa ƙofa, an kuma yi yarjejeniya. Idan babu wannan, komai gwanintarsa, abin da zai iya shi ne ya rubuta lambar wayarku a shafin, ku riƙa tabbatar da biya da kanku. Ga ƙaramar sana'a, wannan ma ya isa.

Sai kuma ciniki. Manhajar ta san farashi ɗaya ga kowa. Ba ta san tayi da albarka ba, ba ta san bashin da ake ba abokin ciniki na shekara goma ba, ba ta san ɗan kasuwar da zai zo daga Katsina ta Jibiya da naira a hannu ba, ga shi canji na motsi kullum. Ana iya tilasta mata wasu daga cikin waɗannan, amma kowane ɗaya ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Akwai kuma batun haruffanmu. Tsarin rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 yana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da su ba. Idan babu su, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa dabam. Maganinsa ba shi da tsada: a zaɓi salon da ke da su, kamar Noto Sans, ko Andika da aka tsara musamman don masu koyon karatu. Ku nemi a gwada muku a kan ƙaramar waya, ba a kwamfutar masanin kaɗai ba.

Gyaran da ke jawo hasara

A cikin kowace manhaja akwai uwar manhaja, wato ainihin ginin da komai ya dogara a kansa. Lasisi bai hana taɓa ta ba, amma masu hankali ba su taɓawa. Ga dalili. Masu manhajar suna fitar da sabon zubi lokaci lokaci don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. Idan aka ɗora sabon zubi, yana shafe duk abin da masaninku ya canza a cikin uwar. Daga nan sai ku shiga tsaka mai wuya: in kun sabunta, gyaran da kuka biya ya tafi, in kun ƙi, ƙofa na buɗe ga ɓarayi.

Wannan haɗarin ba tatsuniya ba ne. A watan Oktoba na 2014 an sanar da wata babbar kafa a Drupal 7. Cikin sa'o'i kaɗan aka fara kai hari a kan shafukan da ba a sabunta ba. Shafin da ke ɗauke da sunayen ƴan ƙungiya da lambobin wayarsu, ba ku kaɗai za ku cutu ba idan aka shiga shi.

Manhajojin ƙari ma suna da nasu aibi. Mutane dabam dabam ne suka rubuta su, ba su san juna ba. Idan suka yi yawa sai wata ta ci karo da wata, shafin ya yi nauyi, ya riƙa cinye kuɗin intanet na mai wayar da ke Tibiri kafin hoto ɗaya ya buɗe. Wani lokaci mai manhajar ƙarin yakan bar ta, ba mai kula da ita kuma.

Ita kanta uwar tana tsufa. Da Drupal 8 ta fito a 2015, an sake gininta ƙwarai, har ƙarin da aka rubuta wa ta 7 ba su aiki a kanta. An daina kula da Joomla 3 a 2023, Drupal 7 kuma a Janairun 2025. Wanda ya zuba gyare-gyare da yawa a kansu, shi ya fi shan wahalar ƙaura.

Shafin da aka buɗe a dandalin wani kamfani, kamar Facebook, iyakarsa ta fi kusa. Can ɗan haya ne ku, masani ba ya ganin cikin manhajar ko kaɗan. Mai gida na iya canza doka ko ya rufe gidan, kamar yadda aka rufe Google+ a 2019.

Kafin ku sa hannu

Ku zauna ku rubuta abin da dole ne shafin ya yi, dabam da abin da kawai kuke sha'awa. Ku tambayi masanin: wanne manhajar ke yi da kanta, wanne sai da ƙari, wanne sai an taɓa uwa? Idan bukata ɗaya ce ko biyu ke neman taɓa uwa, sau da yawa ya fi sauƙi ku yi su da hannu, ta waya ko a littafi. Idan kuwa yawancin aikinku ne, to wannan manhajar ba taku ba ce, sai a nemi wata ko a gina sabuwa, kuma kuɗinta zai fi yawa nesa.

Ku tabbata sunan shafin da takardar haya da sunan ƙungiyarku aka yi su, ba da sunan masanin ba. Ku karɓi kalmomin sirri. Ku sa ya rubuta duk abin da ya canza, don wanda zai gaje shi ya san inda zai kama. A cikin yarjejeniyar a faɗi wanda zai riƙa sabunta manhajar, da wanda zai riƙa ajiye kwafin bayananku, da nawa za ku biya a shekara.