Lauyan Ma'aikata a Yamai

Aikin lauyan ma'aikata a Yamai yakan fara da tambaya ɗaya: "Malam, ina takardarka?" Mai gadi ne ko direba ko ma'aikaciyar otel, ya shekara goma yana yi wa wani bauta, ran nan aka wayi gari aka ce ya tattara nasa ya nasa. Ba kwantiragi, ba takardar albashi, sunansa ma bai taɓa shiga rajistar asusun kula da ma'aikata na CNSS ba. Kafin a kai ga maganar haƙƙi sai lauya ya tabbatar wa alƙali cewa mutumin nan ya yi aikin. Tsohon katin shiga ofis, saƙon da maigida ya turo ta waya, abokin aikin da zai yarda ya ba da shaida (shi ma yana tsoron tukunyarsa), duk ba abin yarwa.

Doka kam akwai ta. Kundin aiki na 25 ga Satumba 2012 ya yanka sa'o'i 40 a mako, ya yi bayanin hutu da wa'adin da ake ba ma'aikaci kafin sallama. Akwai kuma yarjejeniyar gama-gari ta 1972 da har yau ake buɗawa wajen lissafin kuɗin sallama. Rigima takan bi ta wurin sufeton aiki a nemi sulhu, in ya gagara a wuce kotun ma'aikata, inda alƙali ke zama da wakilan ma'aikata da na masu ɗaukar aiki. A wurin sulhun nan ake gane gwani. Mai iyali da ya yi wata uku ba albashi zai gwammace ya karɓi rabin haƙƙinsa yau da ya jira shari'a, kuma lauyan kirki ya san lokacin da zai ce masa ya karɓa.

Sana'ar ba ta cika aljihu ba, don wanda aka kora ba shi da abin biyan lauya. Masu kuɗin kamfanoni ne, shi ya sa lauyoyi da yawa suke komawa can. Wasu kuma sukan haɗa da koyarwa, a tsangayar shari'a ta Jami'ar Abdou Moumouni ko a tarurrukan horo na ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN. A ganina darasin da ya fi wuya shi ne na wakilan ma'aikata, don sai an sauko da Faransancin doka zuwa Hausa da Zabarmanci ba tare da an rage masa kaifi ba.

Malamai na da misali na gida. A nan Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (CEDEAO) ta ce Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. An sayar da ita tana 'yar shekara 12. A 2015 Nijar ta riga kowace ƙasa amincewa da ƙarin yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan aikin tilas. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidan wani babba a unguwar Plateau ba ta ji labarin ko ɗaya ba.