Ɗan Magini a Ɗakin Zane

Abin da ya kai ni wata jami'a a tsakiyar bazara tambaya ce guda wadda ta daɗe tana yi mini kai-komo a zuci, wato mene ne dalilin da ya sa soron kakana, wanda aka gina da ƙasa da azara tun kafin a haifi mahaifina, yake da sanyi kamar gindin randa da tsakar rana, alhali kuwa ɗakin da nake kwana a cikinsa yanzu, na bulo da kwano, wanda ya ci kuɗi ninkin ba ninkin, ba ya shiguwa tun daga azahar har bayan isha'i. Aka ce mini in jawabi nake so in nufi sashen koyar da ilmin tsara gine-gine, inda 'yan ajin ƙarshe suke shirin gabatar da ayyukansu a gaban malamai. Na je, aka karɓe ni da fara'a, aka shigar da ni ɗakin zane.

Ɗaki ne mai faɗi, ga tebura jere, kowanne ɗauke da ɗan ƙaramin gari na kwali da katako, ga warin gam ya cika ko'ina, ga kuma tabarmi a naɗe ƙarƙashin teburan, domin galibin ɗaliban nan suke kwana idan ranar gabatarwa ta gabato. Wata ɗaliba ta nuna mini nata aikin: wani tsohon kududdufi ne na unguwarsu da ya zama bola, ta mayar da shi lambun hutawa a kan takarda, ta kewaye shi da tsamiya da maɗaci, amma ta ƙi cike ramin, saboda, in ji ta, kududdufan birni ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu tun zamanin da, su ne kuma suke riƙe ruwan damina, duk ranar da aka cike ɗaya ruwan gidajen mutane zai nufa. Wani kuma ɗakin karatu ya tsara, ya ce ya ɗauki darasi daga Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, inda Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka kammala a 2018. Tsohon masallacin nan kuwa aikin Falke Barmu ne, gwanin da masallacinsa na Yama ya sami lambar yabon Aga Khan a 1986.

Can a kusurwa na tarar da wanda ya riƙe ni har la'asar sakaliya, wani saurayi marar yawan magana, yana yankan kwali da reza. Gidaje ya tsara don masu ƙaramin ƙarfi, kowane gida da zaurensa da tsakar gidansa, da fili a gefe wanda mai gida zai ƙara ɗaki idan iyali suka yawaita. Da na maimaita masa tambayata sai ya ajiye rezar, ya ce, "Malam, jawabin yana cikin kaurin bango. Katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, kafin ya ratsa ta ya iso ciki dare ya yi, sa'an nan ta sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi ya ɗauka, bulo kuma ba shi da jikin da zai tare. Ni ba a aji na fara sanin wannan ba, a wurin Baba na gani."

Ashe mahaifinsa magini ne, ɗan magini, jikan magini, irin waɗanda suke kwaɓa ƙasa da ramno su bar ta ta ruɓa kwanaki, su murza tubali da hannu su shanya, su ɗaura bakan gizo da azarar giginya wadda gara ba ta ci, su shafe bango da makuba ta kwasfar ɗorawa don kada ruwa ya zaizaye shi. Wannan ita ce sana'ar da ta haifi Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana daga nesa suke zuwa su yi tadabburi a kan hikimarsa. Amma yaron ya ce tun yana firamare aikin ya fara ja baya, har ya zamana ba a neman mahaifinsa sai gab da damina, a kira shi ya yi yaɓe ko ya toshe yoyo, kuma sau da yawa mai gidan zai ce masa a yi maneji kawai, baɗi in Allah ya hore rushewa za a yi a sa bulo. "Abin da ya fi yi wa Baba ciwo," in ji shi, "ba rashin kuɗin ba ne. Ganin mutum yana jin kunyar gidan da ya gina masa ne, kamar talauci ya rubuta masa a bango."

Na yi shiru, domin ni kaina ina cikin waɗanda suka rushe suka sa bulo, kuma hakika ban taɓa tunanin zuciyar wanda ya ɗora tubalin farko ba.

Bai ɓoye aibin ƙasa ba, wannan kuwa shi ya ƙara mini ganin girmansa. Ya ce gini ne mai son hidima kowace shekara, ruwa abokin gabarsa ne, giginya ta yi ƙaranci, ba kuma adalci ba ne a ce wa talaka ya koma ga abin da ya guda ba tare da an gyara masa illarsa ba. Saboda haka ya sa harsashin dutse, ya zaɓi tubalin ƙasa da ake matsewa da inji a zuba masa siminti kaɗan, ya kuma ɗaga rufin kwanon sama da silin don iska ta riƙa ratsawa tsakani, dabarar da Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker a 2022. Zaure da tsakar gida kuwa yaron ya ce ba ado ba ne, sutura ce ta iyali, shi ya sa duk rukunin gidajen da aka gina babu su, za ka ga mazauna sun kewaye da langa-langa ko zana tun kafin shekara ta zagayo. A ganina wannan magana ta fi duk abin da na ji a ranar nauyi, domin mai tsara gida da bai san inda uwar gida za ta yi girki ba tare da idon baƙo ya kai gare ta ba, bai gama sanin waɗanda yake yi wa aiki ba.

Na tambaye shi ko mahaifin ya ga aikin. Ya ce makon jiya ya zo, bayan ya sayar da tunkiya ya kawo masa kuɗin kwali da buga taswira, ya tsaya a bakin ƙofa yana jin nauyin shiga sai da wani malami ya taso ya riƙo hannunsa. Ya daɗe yana kewaya teburin bai ce uffan ba, sa'an nan ya ɗora yatsa a kan rufin zauren gida na uku, ya ce, "Kai yaro, ruwan nan in ya sauka ina za shi?" Suka duba, yaron da malamin, suka ga lallai babu mafita, alhali taswirar ta wuce ta hannu da yawa.

Abin da na tarar yana yankawa ke nan. Indararo ne, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba, ya shafa masa gam, ya manna shi a gefen da dattijon ya nuna, ya riƙe da farce yana jira ya kama.