Ɗaki Domin Baƙon Da Masifa Ta Koro

Karatu: 2 Sarakuna 4:8-10

Yau zancenmu a kan gini ne: wane irin masauki ya kamata a yi wa mutumin da masifa ta raba shi da gidansa?

Bari mu kai hankalinmu ƙasar Gobir, wato Sabon Birni da Isa a Jihar Sakkwato, kusa da iyakar Nijar. Ƙasar gulabe ce da fadamu, inda Bunsuru da Gagare su ke haɗuwa su zama gulbin Rima. A watan Satumba na 2010 Rima ta yi ambaliya, ta ci ƙauyuka da gonaki wajen Goronyo da ƙasa da nan. Bayan ruwa sai ga 'yan bindiga. Daga 2019 dubban mutane suka ƙetare zuwa yankin Maradi, a watan Mayu na 2020 kuwa aka kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya cikin ƙauyukan Sabon Birni. Waɗanda suka tsira da yawa sun kwana a azuzuwan makaranta, ko a kangaye, ko a gidajen dangi.

In muka ji haka, abin da mu kan fara tunawa shi ne tamfol. Tamfol ya na da amfani a makon farko. Amma wanda ya taɓa zama ƙarƙashinsa da bazara ya san zafinsa, rana kuma ta kan cinye shi ya yayyage. Gudun hijira kuwa sau da yawa ya kan kai shekaru.

A cikin karatunmu, macen nan ta Shunem ba ta ce wa annabi Elisha ya raɓa a inuwa ba. Ta shawarci mijinta suka gina masa ɗan ɗaki mai bango, suka sa gado, da tebur, da kujera, da fitila. Ta yi tunanin yadda mutumin zai kwanta, ya zauna, ya yi aikinsa. Haka ake tsara masauki: a fara da rayuwar mai shiga, kafin a auna ƙasa.

Abu na fari, wuri. Wanda ruwa ya kora, kada a sauke shi a fadama domin fili ya na da araha a can. A nemi tudu mai ɗan gangare, a haƙa magudanar ruwa kafin damina. Wanda bindiga ta kora kuma, a nisanta shi da inda aka koro shi. Dalilin ke nan da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijar suka kwashe mutane daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka, da Ɗan Daji Makau, da Cadakori. An sauke su kusa da garuruwan da ke nan tun dā, domin baƙi da 'yan gari su ci moriyar ruwa da makaranta da asibiti tare. Wannan hikima ce, gama in baƙo ya sami famfo mai gari ya na shan tafki, husuma ba ta da nisa.

Abu na biyu, fāɗi. Ƙungiyoyin agaji na duniya su na da ma'auni mai suna Sphere, wanda aka soma a 1997. Bisa ga ma'aunin, kowane mutum ya sami aƙalla murabba'in mita 3.5 a ƙarƙashin rufi. Iyali mai mutum 6 ke nan su na bukatar murabba'in mita 21, misali ɗaki biyu, kowanne mita 3 a mita 3.5. Kada mutum fiye da 20 su haɗu a masai ɗaya, a nisanta masai da rijiya mita 30, kowa kuma ya sami ruwa aƙalla lita 15 a rana. A bar rata tsakanin bukkoki, gama da hunturu gobara ba ta jiran kowa.

Abu na uku, sutura. A ƙasar Hausa ɗaki kaɗai ba gida ba ne. Gida sai da darni ko zana, inda mace za ta yi girki da wanka ba idon jama'a a kanta, da wurin ɗaure akuya. Ku tuna da ajin makaranta inda magidanci, da surukarsa, da 'yammata su ke kwana ba ko labule. Zana 'yan kaɗan su na iya maido wa iyali mutuncinsu. Masai na mata ya zama dabam, mai ƙyaure, a inda haske ke kaiwa da dare.

Abu na huɗu, kayan gini da hannun ma'aikata. Tubali da jinka sun fi tamfol da kwano sanyi, mutanen kuwa sun iya gyaransu da kansu. Hadari a ƙasarmu daga gabas ya ke tasowa, saboda haka kada ƙofa ta dubi gabas, bangon gabas kuma a ƙara masa yaɓe. A ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida. Cikin masu hijira akwai magina da masu saƙar zana. A ba su aikin, a biya su. A kuma tambayi mata tun kafin a kafa dirka, gama su ne su ke wuni a gidan. Kada a manta da rubuta yarjejeniya da mai fili a gaban mai gari, domin kada a tashi mutane bayan sun sha wahalar gini.

'Yan'uwa, wataƙila ekklesiyarku ba ta da ƙarfin gina sansani. Amma ku dubi gidajen da suka karɓi baƙi a unguwarku. Ɗaki ɗaya da kuka ƙara wa irin wannan gida, ko masai, ko darni, zai sauƙaƙa wa mai gida da baƙonsa. Kada kuma ku tambayi addinin mai shiga, gama ruwa da bindiga ba su tambaya ba.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, ka ba ƙasar Gobir salama, ka komar da korarru gidajensu, ka ba mu zuciyar buɗe ƙofa. Amin.