Kisan mummuƙe a wurin gini

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai gaya wa jini na wuce a Wagadugu, wutar kamfanin lantarki na SONABEL kan yawaita ɗaukewa, amma aikin gini ba ya jira. A Cissin da sauran unguwannin birnin, mai sa tayil da mai walda duk da janareta suka dogara. Wani lokaci waya ce ta yi gajere, wani lokaci tsoron ɓarayi ne, sai a shigar da injin cikin ginin a tayar da shi. Tagogin kuwa an riga an toshe su da kwano ko leda. Kafin azahar, lebura ya fara dafe goshi yana cewa, "Oga, kaina ke sarawa." Sai a ce masa rana ce, ya sha ruwa ya ɗan kwanta a kusurwa.

Wannan kwanciyar ita ce ke yin ajalin mutane.

Abin da ke sara kan nasa iska ce mai guba da ake kira kabon monoksaid. Tana fitowa duk inda fetur ko gawayi ko itace ya ƙone ba tare da wadatacciyar iska ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, takan kama sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke raya su. Ƙaramin janareta guda yana iya fitar da gubar da ta kai ta ɗaruruwan motoci. Dokar aiki a Amurka ta ƙayyade kashi 50 cikin miliyan na iska a tsawon awa 8. Idan ta kai kashi 1,200, rai na cikin haɗari nan take.

Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, kuma a ƙasar da kowa ya saba da zazzaɓin cizon sauro, can hankali ke fara tafiya. Amma wannan guba ba ta zuwa da zafin jiki. Tana kama mutum biyu ko uku a lokaci ɗaya, kuma da sun fita waje sai su ji dama-dama.

Haɗarin ya fi muni a cikin rami. Masu haƙar rijiya da ramin salga da tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, da zarar ruwa ya tsattsafo, sukan zura injin jan ruwa mai fetur ciki, ko su ajiye shi a baki inda hayaƙin ke komawa ƙasa. Masu haƙar zinare a ƙauyukan Burkina Faso sun daɗe da sanin wannan masifa. Wanda ke ƙasa ƙafafunsa kan mutu tun kafin ya gane abin da ke faruwa, ya kasa kama igiya. Ɗan uwansa da ke sama ya leƙa, ya kira shi ba amsa, sai ya dira. Na uku ya bi. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗi tun 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan matsattsun wurare masu ƙoƙarin ceto ne.

A lokacin sanyi ma, maigadin da ya kunna gawayi ya kulle kansa a ɗakin da ba a gama ba yana cikin irin wannan tarko.

Turawan Birtaniya sun koyi darasin ne a ramukan kwal. Bayan fashewar mahaƙar Tylorstown a 1896, masani John Scott Haldane ya gano cewa wannan iska ce ta kashe mafi yawan ma'aikatan, ba wuta ba. Shawararsa ce ta sa aka riƙa shiga rami da ɓera ko tsuntsun kanari, wanda ke jigata kafin mutum. Sai a 1986 aka sallami tsuntsayen, na'urar da ake maƙalawa a riga ta maye gurbinsu, mai yin ƙara idan guba ta taru.

Ko babu na'urar, akwai abin yi. A ajiye inji a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga da bakin rami, a ƙaro waya ko tiyo. Duk mai sauka rami a ɗaura masa igiya a jiki, wani ya tsaya a sama ba ya gusawa. Takunkumin ƙura ba ya tare wannan iska, madara da manja kuma ba sa karya ta.

Idan wani ya faɗi, a kashe injin, a jawo mutumin da igiya ba tare da an shiga ba, a kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti irin su Yalgado Ouédraogo, domin rabin gubar kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya bar jini, amma da oksijin zalla lokacin kan ragu zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Wanda ya raka shi ya faɗa wa likita cewa inji na aiki a wurin, saboda na'urar da ake maƙalawa a yatsa kan nuna jini lafiya lau alhali yana cike da guba.