Yadda Za Mu Zaɓi Kariyar Mota Wadda Tsatsa Ba Za Ta Ci Ba

'Yan'uwa, yawancin motocin da ke shiga ƙauyukanmu suna ɗauke da kaya a bisa rufi: taki, iri, jarkokin ruwa da tayar safaya. Abin da ke riƙe da wannan kaya shi ne sandunan ƙarfe biyu ko uku da aka gicciya a kan rufin, waɗanda kariya ke zaune a kansu. In sanda ɗaya ta karye ana cikin tafiya, kayan na iya faɗa wa mai babur da ke biye a baya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani kafin wata ƙungiya ta kai kuɗinta wurin masu walda a Chikaji ko Sabon Gari.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iska. A ƙasar Zariya ana ruwa daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara. Amma abin da ya fi ɓarna shi ne takin zamani da gishiri. Yuriya da NPK suna jawo laima, kuma in buhu ya yage, garin yakan maƙale a mahaɗar ƙarfe ya riƙa cinsa a ɓoye. Gargadar hanyoyin ƙauyukan Giwa, Kudan da Soba kuma tana tsattsage fenti, ruwa ya sami hanyar shiga.

Ƙarfe iri huɗu ake samu. Na farko baƙin ƙarfe: yana da araha da ƙarfi, kowane mai walda zai iya gyara shi, amma shi ya fi saurin tsatsa. Sai an goge shi tas, an shafa jan fentin nan na hana tsatsa, sannan a bi da fenti sau biyu. Na biyu ƙarfe mai rufin zinki, irin rufin da ke jikin kwano. Zinkin ne ke fara lalacewa ya kare ƙarfen da ke ciki. Sai dai wutar walda tana ƙone zinkin, don haka dole a fente duk inda aka yi walda, kuma a yi aikin a fili domin hayaƙinsa yana cutarwa. Na uku alminiyam: ba ya jar tsatsa, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, amma yana da tsada, kuma ba kowane mai walda ke da injin haɗa shi ba. Na huɗu silba, irin ƙarfen cokali, wanda ya fi dacewa a yi noti da shi.

A shawararmu, motar da ke yawan shiga ƙauye ta fi dacewa da ƙarfe mai rufin zinki, domin ana iya gyara shi kusa da gida.

Ga abubuwan dubawa. Ku tafi da maganaɗisu: ba ya kama alminiyam, don haka in ya kama, ƙarfe ne aka fente da ruwan azurfa. Ku tabbata an toshe bakin bututun da roba, an kuma huda ƙaramin rami ta ƙasa don ruwa ya fita, gama bututu yakan ruɓe ne daga ciki. Inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe a sa roba a tsakani, in ba haka ba laima za ta sa alminiyam ɗin ya ci. Haka kuma a sa roba tsakanin ƙafar kariya da jikin mota.

Kada mu manta da nauyi. Rufin motoci da yawa bai wuce ɗaukar kilo 50 zuwa 100 ba, har da nauyin kariyar kanta, kuma a hanya marar kyau sai a rage. Buhun taki ɗaya kilo 50 ne. Ku duba littafin motar. Kaya mai nauyi a sama yana sa mota ta kife a kwana, saboda haka taki ya zauna a ciki ko a bodi.

Bayan kowane dakon taki a wanke kariya da ruwa. A ɗaure noti kowane wata, a shafa musu giris, a kuma sake fenti kafin ruwan farko ya sauka. Kuɗin gwangwanin fenti bai kai na jinya ba.