MAI ZANEN LALLE, JAMI'A NA DA GURBINKI

Kwanakin baya na je biki Miga, sai na tarar da wata ƙanwata 'yar aji biyar ta zaunar da amarya tana zana mata lalle. Wallahi layin nan sai ka ce da ma'auni aka ja shi. Na ce, "Ke kuwa me za ki karanta in kin gama?" Ta yi dariya ta ce, "Haba Yaya, ai wannan wasa ne, ba karatu ba."

To ƙanwata, karatu ne, har digiri ake bayarwa. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Cikin malaman farko har da mace, Clara Ugbodaga-Ngu. Ladi Kwali kuwa, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ginin tukwane ne sana'arta, kuma wannan jami'a ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sai dai shiga na da sharaɗi. Ana son kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan ki ci JAMB. Abin da ke kayar da 'yan mata da yawa shi ne ba su rubuta darasin zane a sakandare ba, don makarantarsu ba ta da malaminsa. Saboda haka tun kina aji huɗu ki nemi littafin JAMB ki duba darussan da ake bukata. Wadda ta makara tana iya bi ta NCE ko difloma, daga nan ta shiga aji biyu.

Karatun shekara huɗu ne. A shekarar farko ba ruwansu da gwanintarki, daga tushe za a faro. Za a ajiye tulu ko ƙwarya a gabanki, ki yi awa biyu ko uku kina zanawa da fensir har ki gane inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta. Za ki koyi haɗa launi daga ja da shuɗi da rawaya, ki taɓa yumɓu, ki karanta tarihin zane. Aikin hannunki ne ke kawo maki, don haka mai fashin aji ba ta kai labari. Takarda da fenti da buroshi kuma daga aljihunki.

Akwai maganar da ba zan ɓoye miki ba. Ana zanen mutum, ana kuma sassaƙa, abin da iyaye da yawa ba sa so saboda addini. Ki zauna da Baba ki faɗa masa gaskiya tun kafin a sayi fom. Ki kuma sanar da shi cewa a Zariya akwai sashen da ake ƙwarewa a zanen atamfa da rini da ginin tangaran.

Kafin nan, ki sayi littafin zane guda. Kullum ki zana abu ɗaya: faifan Inna, tabarmar kaba, kwalekwalen da ke bakin kogin Haɗeja. Ki sa kwanan wata, ki adana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.